Allurar da ke hular Baba

Kullum da safe, kafin in karya, sai an ɗumama mini ruwa a ɗan kwano. In tsoma farin ƙyalle, in matse, in ɗora a kan idanuna, in zauna shiru har ya huce. Daga nan in bi gindin gashin ido in goge a hankali. Likita ya ce shekarun da na kwashe ina zura wa takarda ido, da farko a tafireta daga baya a kwamfuta, su suka busar mini da idanu. Jikokina sun ɗauka wata ibada ce ta tsofaffi, har ƙaramar takan saci ɗankwalin uwarta ta kwaikwaye ni. Ina yi musu dariya, amma ban taɓa ɗora ƙyallen nan ban tuna da Baba ba, kuma ba tunawa ce mai daɗi ba.

Baba maɗinkin manyan riguna ne a Ƙofar Marusa, ɗinkin hannu, irin wanda ya gada. A zauren gidanmu yake zama, bakin ƙofa daidai inda haske ke faɗowa, riga shimfiɗe a gwiwa. Yana da wata ɗabi'a da kowa a unguwa ya san shi da ita: in zai tashi, a gefen hularsa yake soke allura. Da ita yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa jana'iza. Inna ta yi mita har ta gaji, ta ce wata rana sai ya yi sujada ta shige masa ka. Shi kuwa cewa yake tun yana saurayi take nan, ba ta taɓa cizonsa ba.

Shekarun soja ba su yi wa sana'arsa daɗi ba. Masu iko kaki suke sawa, masu kuɗi kuma sun koma ɗinkin keke, mai sauri. Baba yakan yi wata guda ba a kawo masa aikin kirki ba, sai gyaran wuya da ɗaurin aljihu. To, sai aka ce soja za su koma bariki. Aka yi zaɓe, gari ya cika da hotuna da tutoci, mutumin da jiya ka san shi da 'yar shara da silifa yau ba ya fita sai da babbar riga yana ta naɗe hannu a kafaɗa. Tsofaffin maɗinka suka farfaɗo. Baba ma ya samu aiki daidai ƙarfinsa, riga ɗaya a hannu, wata tana jira, yana yi a natse. Da na bar shi haka da ya ƙarasa shekarunsa da idanunsa biyu.

Ni a lokacin akawu ne a wata ma'aikata, shekara goma sha biyu a kujera ɗaya, gaban tafireta ɗaya, da mata da 'ya'ya uku a ɗaki biyu cikin gidan Baba. Akawu ma shi ne sunan da Baba ke kirana da shi, don ni ne ɗan fari, ba ya kama sunana. Akwai wani tsohon shugabana a ofis da ya ajiye aiki ya shiga siyasa, ya kuma ci zaɓe. Aka fara raɗe-raɗin zai ɗauki sakatare daga cikinmu. Na sa rai, ba kaɗan ba. Ranar da muka je yi masa murna gidansa cike yake, wannan ya kawo rago, wancan ya kawo buhun shinkafa, ni kuwa hannu biyu na zo da su. Da layi ya zo kaina na durƙusa, sai na ji bakina yana cewa mahaifina ne mai ɗinkin hannun nan na Ƙofar Marusa, in ranka ya daɗe yana so, shi zai yi masa rigar rantsuwa.

Ya dube ni sosai, karo na farko a shekara goma sha biyu. Ya ce aska tara yake so, farin zare a kan farar shadda. Rantsuwa saura wata biyu. Na ce an gama.

Aska tara ita ce babbar zayyana a ɗinkin riga, ta cika ƙirji ta zagaya har baya. Fari kan fari kuwa duk maɗinki ya san shi ne mai cin ido, don zaren da yadin launinsu ɗaya, sai da ƙyalli kake gane inda allura ta bi. Ni ɗan gidan ne, na san wannan tun ban san karatu ba.

Na sami Baba a zaure na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗa. Ya saurara har na gama.

"Akawu, wanga aikin wata huɗu ne," in ji shi.

Na ce na sani, Baba, amma mutumin babba ne, kuma akwai maganar aiki.

"Kai ka ce mashi za a yi?"

Na ce ni ne.

Ya murza zaren da ke hannunsa. "To, ba ni bari ka ji kunya. Kawo shaddar."

Bazara ce, irin wadda bango ke ƙona hannu. Baba ya mayar wa masu sauran rigunan kayansu da haƙuri, ya zauna a kan wannan ɗaya. Da gari ya yi haske zai fara, ba ya tashi sai salla, ba ya ajiyewa sai hasken la'asar ya gaza. In ka tsaya kana kallonsa sai ka ga ya daɗe bai ƙifta ba. A mako na uku ya fara murza ido da bayan hannu, yana cewa kamar an zuba masa yashi. Kwana kaɗan fatar idon ta kumbura ta yi ja, gindin gashin ya yi ɓawo-ɓawo. Da safe kwantsa ke liƙe su, sai an jiƙa kafin su buɗe.

Inna ce ta fara magani, kuma nata ne kaɗai ban taɓa zargi ba. Ruwan ɗumi da tsohon farin ƙyalle wankakke, ta ɗora masa, ta goge, ta sake ɗorawa. Yakan ji sauƙi, ya ce Allah ya yi mata albarka, ya koma bakin ƙofa. Kafin azahar yashin ya dawo.

Daga nan unguwa ta ji labari. A garinmu ba a ciwon ido a ɓoye, kuma ba wanda zai zo dubiya bai zo da magani a baki ba. Liman ya aiko da rubutu, a sha a shafa. Maƙwabcinmu mai sayar da goro ya kawo zuma a kwalbar turare, ya rantse da ita kakarsa ta kai shekara ɗari tana zura zare. Wata tsohuwa ta ce ba abin da ya kai nonon mai shayarwa. Mai shayarwa a gidan kuwa matata ce kawai, ga surukuta. Inna ta shiga ɗaki ta fito da cokali a rufe da tafin hannu, ta ce wa Baba daga maƙwabta aka samo. Matata ta yi kwana uku ba ta bi ta zaure ba. Mun yi dariyar wannan a lokacin, ni da ita, ƙasa-ƙasa.

Da abin ya ƙi, Inna ta tsare ni a tsakar gida ta ce in kai shi asibiti. Na kai shi a bayan babur ɗin wani abokina, yana rufe da ido da rawani saboda rana.

Likitar da muka samu yarinya ce 'yar bautar ƙasa daga kudu, Hausarta ba ta wuce sannu da ina kwana ba. Ni na zama tafinta. Ta duba shi da 'yar fitila, ta ɗiga masa magani, ta ce ya rufe ido ya jingina. Ta tambaye ni sana'arsa, na faɗa. Ta tambayi awa nawa yake yi a rana, na rage kusan rabi, duk da haka ta girgiza kai. Ta ce idon ya bushe ne, fatar kuma ta kumbura, ba abin tsoro ba ne in an kiyaye. A ci gaba da ruwan ɗumi safe da yamma, a riƙa goge bakin fatar da ƙyalle mai tsabta, ga maganin ɗigawa. Kada a sa kwalli, kada a sa komai da ba ita ta bayar ba. Sai ta miƙa hannu ta zare allurar daga hular Baba, ta kamo hannuna ta sa mini a tafi, ta naɗe yatsuna a kai. Ta ce mako uku, ko zare kada ya zura. Ta maimaita, tana kallon cikin idona.

Rantsuwa saura mako huɗu, ga bayan rigar ko taɓa shi ba a yi ba.

Baba yana jingine, idanu a rufe, ya ce, "Mi ta ce, Akawu?"

Na faɗa masa ruwan ɗumi. Na faɗa masa goge fata, da maganin ɗigawa, da barin kwalli. Na ce ta ce ba abin tsoro ba ne. A nan na tsaya. Ba mantuwa na yi ba, kuma ba zan ce shaiɗan ba ne, don na gaji da jin mutane suna ɗora masa abin da suka yi da hankalinsu. Na auna ne, a tsaye a gaban tebur ɗin nan, na ga kujerar sakatare ta fi mini mako uku na hutun tsoho. Na ce a raina in an gama rigar sai ya huta har wata uku ma.

Da muka fito, kafin ya hau babur, ya shafa gefen hula. Ya miƙo mini hannu. Na sa masa allurar, ya soke ta a wurinta.

Maganin asibiti ya rage kumburin, amma bushewar tana nan, tunda abin da ke kawo ta yana nan. Ana cikin haka Gwaggo ta iso daga Batagarawa. Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi, kuma a duniya ita kaɗai ke ce masa yaro ya amsa. Ta zauna a tabarma aka gaisa, aka tambayi gida da gona da zafi da masu jiki, sannan ta kwance bakin zane ta fito da ɗan tandu. Kwalli ne ta niƙa da hannunta, ta haɗa da alif, irin wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, ta jiƙa da lemun tsami ta shanya.

Inna ta ce a hankali, "Yaya, likita ta hana kwalli."

"Wace likita? Ɗiyar kudu mi ta sani da kwalli? Ido ya bushe, ba hawaye yake so ba? To ga abin da ke kawo hawaye."

Ta juyo gare ni, ni ɗan boko, ni na ji bayanin likita da kunnena. Inna ma ni take kallo. Kalma ɗaya ta ishe ni. Na sunkuyar da kai na ce Gwaggo ta fi mu sani.

Ta sa Baba ya kwanta ya ɗora kai a cinyarta, mutum mai furfura, ta zizara masa. Na ga yatsun ƙafarsa sun ƙanƙame. Hawaye suka ɓalle har cikin kunne. Gwaggo ta ce yauwa, ciwon ne ke fita, zafin nan shi ne maganin. Abin takaicin shi ne kamar ya yi aiki. Idon da ya jiƙe da hawaye ya daina jin yashi, Baba ya tashi ya yi ɗinki awa biyu cur bai murza ba. Gwaggo ta koma gida washegari ta bar tandun, da umarnin a riƙa sawa sau biyu.

Inna ta ce ita ba da hannunta ba. To, da hannun wa? Da nawa. Kullum kafin in tafi ofis sai in durƙusa a zaure in zizara masa, in na dawo in ƙara. Da sau biyu ya daina isa muka koma sau uku, yana sa na rana da kansa. Ina ganin jan yana ƙaruwa, ina ganin na dama ya fara ƙin haske, yana karkata kai yana ɗinki da na hagu. Da na shigo gida ba fuskarsa nake fara duba ba, rigar nake dubawa, in ga ina aka kai. Inna ta daina yi mini magana sai abin da ya zama dole. Ba ta san abin da na ɓoye ba, amma ta ga inda idona ke zuwa.

Ya gama saura kwana uku. Aka kai wa mabuga suka buge ta, ta dawo tana ɗaukar ido. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Maɗinka tsofaffi suka riƙa zuwa zaure suna juya ta, suna bin askar da yatsa, ba mai cewa komai sai masha Allah. Baba yana gefe da ƙyalle a fuska, idon dama ya kumbura ya rufe ruf. Ya ce a ba shi ya taɓa. Ya shafa ƙirjin rigar tun daga wuya har aljihu, ya ce in ɗauka in kai.

Mutumin ya biya, ba zan yi masa ƙarya ba, kuma ya sa ta ranar rantsuwa. Ina cikin taron da ya raka shi gida. Ana tsaye a ƙofar gida wani maroƙi ya taso shi da kirari, ya ambaci kakanninsa, na gaske da waɗanda aka ƙirƙira a makon nan. Kan maigida ya fasu. Ya kama rigar ta wuya ya tuɓe, ya jefa wa maroƙin, mata suka rangaɗa guɗa. Ko awa biyar ba ta yi a jikinsa ba. Bayan sati biyu na gan ta wajen Ƙofar 'Yandaka a bayan ɗan acaɓa, maroƙin ya tattare ta a cinya, gefe guda yana jan ƙasa, ya yi baƙi da man babur. Kujerar sakatare kuwa ƙanen matarsa aka ba. Na koma gaban tafiretata na ƙara shekara shida.

Da na dawo daga rantsuwar Baba ya tambaye ni, "Ya sa ta?"

Na ce ya sa.

"Ta zauna mashi a kahwaɗa?"

Na ce ta zauna, kowa sai kallonta yake. Bai ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara ba.

Da kumburin ya saɓe, idon dama ya buɗe da farin tabo a kan baƙin. Muka koma asibiti, muka sami yarinyar nan. Ta duba ta daɗe, ta ajiye fitilar. Ta ce gyambo ne ya fito ya warke ya bar hakiya, wannan idon sai dai ya ga haske da duhu. Ta ga baƙin kwalli a gindin gashin, ta tambaye ni wa ya sa. Na ce tsofaffin gida. Ta ce ya huta kamar yadda ta ce? Na ce mata, da Turanci, Baba yana zaune tsakaninmu, ai kin san tsofaffi da taurin kai, na yi na yi ya ƙi. Ta dubi Baba da tausayi irin wanda ake yi wa wanda ya cuci kansa. Cikin duk abin da na aikata wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Bai sake ɗinkin zayyana ba. Na hagu ma ya raunana, kuma da ido ɗaya allura ba ta faɗa inda aka nufa. Shekarun da manyan riguna suka fi kowane lokaci kasuwa a garin nan, Baba yana zaune a zaure hannu a gwiwa, masu kawo aiki suna zuwa suna komawa. Allurar dai tana nan a hula. Gwaggo har ta rasu tana cewa maganin asibiti ne ya ɓata idon, da an bar ta da kwallinta da ya warke. Ba wanda ya musa mata, ni da ya kamata in musa ba ni da bakin yi.

Bayan rasuwar Inna ni na gaji ruwan ɗumin, don fatar idon takan tashi lokaci-lokaci. Wata safiya, shekara tara ko goma bayan rigar, na ɗora masa ƙyalle ina jiran ya huce. Hular tana neman zamewa, na kai hannu in gyara, yatsana ya taɓa allurar.

"Bar ta nan," in ji shi. Sai kuma ya ce, "Mutum guda ya taɓa cire mani ita. Yarinyar nan ta asibiti."

Na janye hannuna, ya ci gaba.

"Idona na ruhe, amma na ji sanda ta zare ta. Na ji ta hwaɗi magana sau biyu. Macen da ta cire wa maɗinki allura ta ba ɗanshi, Akawu, ai ba a neman tahinta."

Na ce, "Baba." Ruwa yana bin gefen fuskarsa daga ƙyallen, ban sani ba ko na ƙyallen ne kaɗai.

"Ko ka hwaɗa mani ba ni ajiyewa. Na riga na ce ba ka jin kunya." Ya ɗan gyara zama. "Amma na so in ji ka hwaɗa. Har muka kai bakin babur ina jira."

Na nemi gafara, ya ce ya yafe tun ranar, kuma na san da gaske yake. Ya ce ƙyallen ya huce, in sake tsomawa. Na tsoma, na matse, na ɗora masa.

Ya rasu da damina ta gaba. Da aka zo rabon 'yan kayansa ƙannena suka ce ni ne babba, in ɗauki hular. Tana cikin akwatina da allurar a jiki, ta yi tsatsa, ban taɓa zare ta ba.